Ku fara da asibiti kafin 'yan biko su iso

"Salam Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ƙanwata ce ta gudo gida daren shekaranjiya daga gidan mijinta, shekararsu huɗu da aure, yaransu biyu. Ba yau ya fara dukanta ba amma wannan karon har shaƙe ta yayi, muryarta ma bata fita sosai. Da muka keɓe ta faɗa min ko kwanciya ta ƙarfi yake mata, wancan haihuwar ko arba'in bata yi ba ya afka mata. Baba yace gobe da yamma danginsa zasu zo biko ta koma ɗakinta, Umma kuka kawai take. Mu ba masu hali bane balle mu ɗau lauya. Ina ake zuwa a Kano da irin wannan, Hisbah ko 'yan sanda? Wata ƙawata tace kar mu tona wa kanmu asiri."

Wa'alaikis salam 'yar'uwa, sannunku da wannan tashin hankali, Allah ya bata lafiya. In na fahimce ki abu uku kike tambaya a dunƙule: wace ƙofa zaku fara ƙwanƙwasawa, ko talaka zai iya bin haƙƙinsa ba lauya, da kuma yadda zaku yi da bikon gobe. Toh ni amsata ba Hisbah bace ba kuma caji ofis ba, asibiti ne farko, kuma in da hali yau ɗin nan. Sauran duk zasu iya jira, wuyanta ne ba zai jira ba.

Na kai shekara goma sha ɗaya ina aikin raka mata da yara irin waɗannan wurare a cikin garin nan, ni ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ce, ba likita bace ba lauya ba, dan haka inda magana ta zama ta shari'a ko ta fatawa zan gaya miki abinda na gani a aikace, sauran sai ku ji daga bakin masu abun.

Maganar shaƙar nan

Cikin duk saƙonki wannan ce ta fi tsaya min. Mu a gida mun fi tsorata da abinda ido ke gani, kumburin fuska ko jini, shaƙa kuwa sau da yawa bata barin tabo a waje sai mutane su ɗauka ai da sauƙi. Ba da sauƙi bane. Murya ta dushe, haɗiyar yawu na mata zafi, jajayen ɗigo-ɗigo a farin ido ko a fuska, jiri, ciwon kai, ko ace ta suma ko fitsari ya kufce mata lokacin da abun ke faruwa, duk alamu ne cewa an taɓa hanyar numfashi ko jijiyoyin jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa, kuma kumburin cikin maƙogwaro yana iya ƙaruwa bayan kwana ɗaya ko biyu, mutum na zaune lafiya ƙalau numfashi ya fara gagararsa. In kika ga numfashinta na sarƙewa ko ta fara rikicewa a magana kar ku jira gari ya waye, ku nufi sashen gaggawa na asibitin Murtala ko na asibitin Malam Aminu Kano ko duk babban asibitin da ya fi kusa da ku.

Ɗaya dalilin kuma, duk masu wannan aiki sun sani cewa namijin da ya kai ga sa hannu a wuyan matarsa ya tsallake wani layi, haɗarin ya kashe ta nan gaba ya ninka na mai mari da naushi sosai. Ban faɗa dan in tsorata ki ba, na faɗa ne dan ki san me ake shirin mayar da ita cikinsa gobe da yamma.

A asibiti ta faɗi gaskiya. Kar ta ce faɗuwa tayi a banɗaki, wannan ƙaryar ta rufin asiri na ji ta ya fi a ƙirga. Ta ce mijina ne ya dake ni ya shaƙe ni ranar kaza da misalin ƙarfe kaza, ku roƙi likita ya rubuta hakan a fayil, ku adana kati da takardar magani da duk rasit. Ki ɗauki hoton raunukan da wayarki ba tata ba, da haske mai kyau, ɗaya kusa ɗaya kuma da fuskarta a ciki dan a san jikin waye, ki sake ɗauka bayan kwana biyu saboda shatin duka ya fi fitowa daga baya. Ko da bata da niyyar kai ƙara yau, takardar nan ajiya ce. Wata shida nan gaba in an tsaya gaban alƙali yace ƙarya take ban taɓa taɓa ta ba, rubutun likita ne zai yi magana.

Cibiyar Waraka

A cikin asibitin Murtala akwai cibiya da aka ware musamman dan waɗanda aka ci zarafinsu ta hanyar lalata, sunanta Waraka. Da yawan mutanen garin nan suna wucewa ta gabanta kullum basu san da ita ba. A nan ake duba mutum kyauta, a bada magani, a zauna da shi a keɓe a saurare shi, a kuma rubuta rahoton likita da za'a iya gabatarwa a kotu, kuma mata da maza da yara duk suna karɓa. Ba sai kin riƙo takardar 'yan sanda ba kafin ki nemi a duba ki, lafiya daban ƙara daban. Tunda ƙanwarki ta ambaci kwanciyar ƙarfi ni nan zan fara kai ta, dan a duba ko akwai yagewa ko ciwon sanyi da take ta haƙuri da shi, musamman wancan na jego.

Bari in ɗan faɗaɗa nan saboda nasan ba ke kaɗai zaki karanta ba, akwai wadda 'yarta ko ɗanta aka yi wa fyaɗe tana neman wannan bayanin. Lokaci shine komai. Maganin kariya daga HIV da ake kira PEP sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, ana sha kwana 28 ba fashi, kuma gara a fara a awannin farko. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana da amfani har zuwa kwana 5 amma ƙarfinsa raguwa yake kullum. Akwai allurar ciwon hanta nau'in B, da ta tetanus in akwai rauni, da maganin cututtukan sanyi. In zai yiwu kar ayi wanka kar a wanke kayan da ke jiki, a saka su a ambulan ko a naɗe a takarda mai tsafta, banda leda saboda danshi na lalata shaida. In kuma an riga anyi wankan aje duk da haka, magani bai dogara da wannan ba.

Ba zan manta da wata uwa ba da ta kawo 'yarta 'yar shekara tara kwana shida bayan abun ya faru. Ta gasa ta da ruwan zafi da bagaruwa safe da yamma, ta wanke wandon ta shanya har ta goge, ta zo da shi a ninke cikin jaka tana miƙo mana da hannu biyu. Duk cikin so tayi, abinda ta sani kenan. Kwana shidan nan kuwa a zaman manyan unguwa suka tafi ana ta a rufa a rufa, sai da yarinyar ta kasa tafiya sannan aka fito da ita. Lokacin PEP ya wuce. Allah ya taimaka gwajin da aka yi ta maimaitawa har bayan wata uku ya fito lafiya, amma matar nan wata ukun bata yi barcin kirki ba.

Hisbah, 'yan sanda ko kotu

Wannan ya danganta da abinda ita ƙanwar taki take so, kuma dan Allah ki tambaye ta ita kaɗai ba a gaban Baba ba. Wata so take a ja masa kunne ta koma, wata so take a raba auren, wata so take a hukunta shi, kowanne da ƙofarsa.

Hisbah, babban ofishinsu na Sharaɗa suna kuma da ofisoshi a ƙananan hukumomi, ƙarfinsu sulhu ne. Suna kiran miji a zaunar da shi, a rubuta yarjejeniya ya sa hannu, kuma akwai mata a cikinsu da zata iya buɗe wa ciki. Amfaninsu babba shine iyaye irin Baba da ba zasu taɓa yarda a taka caji ofis ba sukan yarda da Hisbah dan suna ganin addini ne, kuma in rikicin na ci da sha ne ko zagi ko rashin adalci tsakanin kishiyoyi na ga sun gyara gidaje da dama. Amma ra'ayina, kuma nawa ne, shaƙa ta wuce abinda za'a tsaya a sulhu kaɗai. In an je ma a tafi da takardar asibiti, a nemi a rubuta dukan da shaƙar ɓaro-ɓaro cikin yarjejeniyar, ku karɓi kwafinku. Fyaɗe kuwa sam ba abun sulhu bane, babban laifi ne, ba mai unguwa ko dattijon da ke da ikon yafe shi a madadin yarinya.

'Yan sanda su ne hanyar hukunci. In kun je ofishin yankinku ku tambayi jami'ar da ke kula da ƙorafin mata da yara, in ba a saurare ku ba ku nemi ganin DPO, in nan ma shiru akwai hedikwata a Bompai. Manyan kes irin na fyaɗe dama can sashen binciken manyan laifuka ake mayar da su, daga nan a kai wanda ake zargi gaban majistare a tsare shi, fayil ya tafi ma'aikatar shari'a a jira shawarar lauyoyin gwamnati, sannan a shigar babbar kotu. A wannan jiran ne iyalai da yawa ke gajiya, kuɗin adaidaita ya ƙare, dangin wancan su yi ta sintiri da goro da ban haƙuri, shikenan sai a daina zuwa. Ki sani lauyan gwamnati ne ke tsayawa a irin wannan shari'a, ba ku zaku biya shi ba. Kano ta gyara dokarta a 2014 ta mayar da hukuncin fyaɗe ɗaurin da bai gaza shekara 14 ba har zuwa rai da rai. In ana cikin duka ne a lokacin akwai lambar gaggawa ta ƙasa 112, amma gaskiya maƙwabcin da zai buga ƙofa ya fi saurin isowa.

Sai dai akwai abinda gara ki ji daga yanzu. Tsohuwar dokar Penal Code ta Arewa a sashe na 282 bata ɗauki kwanciyar miji da matarsa da ta balaga a matsayin fyaɗe ba, dan haka in kuka shiga caji ofis da wannan kalmar a kan miji da wuya kes ɗin ya tafi a haka. Dokar hana cin zarafin mutane da ake kira VAPP da aka sa wa hannu a 2015 ta faɗaɗa abubuwa sosai har da umarnin kotu na hana mai duka kusantar wadda yake duka, amma doka ce ta tarayya da ke aiki kai tsaye a Abuja, kowace jiha sai ta mayar da ita tata, mu kuma a Kano an daɗe ana ja-in-ja a kanta. Abinda ke hannunku da ƙarfi shine raunin jiki da shaƙar, wannan laifi ne ko a kan wa aka yi, sannan ita kwanciyar ƙarfin da afka mata cikin jinin biƙi suna shiga babin cutarwa a kotun Musulunci.

Nan nake so ki buɗe kunne da kyau dan a nan ake cutar mata da yawa. Mace in ta je neman rabuwa sai ki ji an tura ta khul'i, wato ta fanshi kanta ta mayar da sadaki, wani mijin ma ya lissafo har lefe. Amma a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, matar da ta tabbatar da cutarwa alƙali na da ikon raba auren ba tare da ta biya ko sisi ba. Bambancin biyun hujja ce: takardar likita, hotuna, maƙwabtan da suka sha jin ihunta ko suka raba, yarjejeniyar da ya taɓa sa wa hannu ya karya. Kinga dalilin da nake ta nanata asibiti kenan. Haka barazanar zan ƙwace 'ya'yana da maza ke tsorata mata da ita, a Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin riƙon yara bayan rabuwa, ci da sha da sutura da makaranta na kan uba, in ta yi wani auren ma riƙon kakarsu ta wajen uwa yake fara komawa. Ku tabbatar da wannan wajen malamin da Baba ke girmamawa, in daga bakinsa ya ji ya fi shiga.

Batun lauya kar ya hana ku. Akwai ƙungiyar mata lauyoyi FIDA reshen Kano, akwai Legal Aid Council ta gwamnatin tarayya da aikinta kenan tsaya wa marasa hali, akwai ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, da ƙungiyoyin kare haƙƙin mata irin su WRAPA da Isa Wali Empowerment Initiative, da ma'aikatar mata ta jiha. In abun ya haɗa da yarinya 'yar aiki da aka kawo daga ƙauye ko safarar mutane, hukumar yaƙi da safarar mutane NAPTIP na da ofishin shiyya a nan. Ba sai kun zaga su duka ba, ku kama guda ɗaya ku samu mutum ɗaya da ya san kes ɗin da sunansa da lambarsa, a Waraka ma zaku iya tambaya su haɗa ku. Kuma kar ta riƙa zuwa ita kaɗai. Na taɓa raka wata wani ofis da ba zan kira suna ba, jami'in ko ɗago kai bai yi ba yace me kika yi masa ya dake ki, ta miƙe zata fita da kukanta, sai da na riƙe mayafinta na zaunar da ita nace mun zo bada bayani ne a rubuta, sannan ya jawo takarda. Da ita kaɗai ce an gama daga nan.

Bikon gobe

Ban ce ku yi fito-na-fito da Baba ba, bazai haifar da ɗa mai ido ba, kuma gidansa ne mafakarta. Gaskiyar magana gidajen fakewa na mata a garin nan sun yi ƙaranci ƙwarai, mafi yawan matan da na raka gidan iyaye ko na yaya ko na goggo ne ya cece su, dan haka Baba abokin tafiya ne dole, lallaɓa shi za'a yi. Abinda zaku nema a wajensa ƙarami ne: lokaci. Ba a ce ya kashe aure ba, cewa za'a yi yarinya ba lafiya likita na dubata, a dakata sai ta warke. Ki samu wanda yake jin nauyinsa, kawu ko yayarsa ko limamin unguwa, ki nuna musu takardar asibitin da hoton wuyanta. Iyaye maza da yawa jin an ce ya dake ta sun saba, mari suke hangowa, amma ranar da suka ga shatin yatsu a wuyan 'yarsu maganar canjawa take.

Na zauna a irin zaman nan ba adadi. Maza a zaure ko a falo, ita tana can ƙurya kanta a ƙasa, a yi addu'a, wani yace zo mu zauna zo mu saɓa, miji yace sharrin shaiɗan ne, a ce ta ɗauko mayafinta. Minti ashirin an gama kuma ba wanda ya tambaye ta komai. In zaman ya zama dole ki tabbatar an ambaci shaƙar da sunanta a gaban danginsa, kar a bari ta tafi a saɓani.

Ƙawarki da tace kar ku tona asiri ba muguwa bace, haka aka tarbiyyantar da mu duka. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin matan da aka ci zarafinsu a Najeriya basu taɓa neman taimako ba, waɗanda suka nema ma yawanci danginsu suka nufa. Amma zuwa asibiti ko wajen lauya ba tallar kai bane, sirri ne a tsakaninku da su. Abinda zan hana ki shine ɗora maganar a Facebook ko TikTok, na ga yadda hakan ke juyewa kan yarinya, kuma yana iya ɓata shari'ar.

In tace zata koma

Zai iya faruwa, ki shirya ranki. Ga yara, ga ba sana'a, ga gorin zawarci, wataƙila ma tana sonsa har yanzu. Mata da yawa sai sun fita sun koma sau da dama kafin su fita gaba ɗaya, kuma lokacin fitar shine mafi haɗari dan a lokacin yake jin ta kufce masa. Kar ki yi fushi ki ce ba ruwanki, ranar da kika rufe mata ƙofa shi kika taimaka. Ku yi shiri kawai. Katinta na ɗan ƙasa, takardun haihuwar yara, katin asibiti da ɗan kuɗin mota su zauna a wajenki. Ta haddace lambarki a ka dan waya ce farkon abinda ake ƙwacewa. In rigima ta tashi ta guji kicin saboda wuƙa da taɓarya, ta matso kusa da ƙofar fita. Ta samu maƙwabciya ɗaya da zasu yi alama, wata da na sani in ta aiki ɗanta yace Mama tace a bata aron gishiri, matar ta san turo mijinta zata yi ya yi sallama a ƙofar.

Sai zuciyarta. Rashin barci, firgita in an buga ƙofa, yawan mantuwa, jin kamar ita ce mai laifi, duk suna biyo bayan irin wannan, ba aljanu bane ba kuma raki ba. A yi addu'a a kuma ga likita, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Malam da kuma asibitin Dawanau, zuwa can ba yana nufin hauka ba. In ta fara maganar gara ta mutu kar ku barta ita kaɗai, ku kawar da fiya-fiya da magunguna daga ɗakin, ku kai ta a ranar. Yaran ma ki sa musu ido, babban in ya fara fitsarin kwance ko dukan ƙaninsa to ya ga abinda ya gani.

Daga nan inda nake bazan iya auna miki girman haɗarin mijin nan ba, wanda ya zauna da ita ido da ido ne zai iya, shi yasa nake so ta ga ma'aikatan da bakinta. Tunda 'yan bikon sai yamma, in yau ta ƙure ku fita da sassafe kafin layi ya yi tsawo, ki ce wa Baba wuyanta zaku je a duba, ba ƙarya kika yi ba. Ki riƙe ƙaramin littafi ki rubuta ranaku da abinda ya faru tun daga dukan farko da zata iya tunawa, da sunan duk ma'aikacin da kuka gani. Yaran ku bar su wajen Umma dan ta samu ta yi magana a sake, in ta shiga wajen likita kuma ki tambaye ta ko tana so ki shiga ko ki jira a waje.